Jan Tauraron da Bai Fashe Ba

Ranar da labarin ya iso ni, ina tsugune a bakin famfo ina wanke flas. Shayi zan dafa in kai wa surukata, matar ɗana Auta, asibiti, don ta ce na can ruwan wanke kofi ne aka zuba wa sukari. Sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na san kukan motar nan, ta wurin aikin Auta ce, farar da ke hawa dutse da kayan abinci. Amma ba ranar saukowarta ba ce.

Direba ya yi sallama ya shigo. Mutum ne da tun daga bakin ƙofa yake fara tsokanata, "Umma, yau ma kin cinye ƙanzon ke kaɗai?" Ran nan ko gaisuwar kirki bai iya ba. Ya durƙusa can nesa da ni. A bayansa ga wani dattijo mai tabarau, shugaban aikinsu, wanda ban ƙara gani ba tun ranar auren Auta. Direba na rungume da jakar Auta, da takalmansa na aiki an ƙulle igiyoyinsu wuri ɗaya.

Takalman na kalla. Na ce, "Shi yana ina?"

Dattijon ne ya yi magana. Ya ce da safe Auta ya hau saman wani ƙaton farantin ƙarfe a wurin aikinsu yana shafa wa haƙoran inji giris. Ya kwance igiyar ƙugunsa don ya matsa gaba ya sake maƙala ta, sai iska ta taso. Ya ce bai sha wahala ba. Ya sake cewa bai sha wahala ba, kamar na yi masa gardama.

Ruwa na ta zuba, flas ya cika yana tumbatsa a kan ƙafata, na kasa miƙa hannu. Direba ne ya taso ya rufe famfon.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Abin da zan faɗa game da aikin Auta yadda ya gaya mini ne, in akwai kuskure nawa ne. A kan dutsen akwai faranta manya-manya na ƙarfe, kowanne ya fi gidanmu faɗi, sun buɗe baki sama. Ba kallo suke yi ba, in ji shi, saurare suke yi. Masu ilimi na zaune a ɗaki mai sanyi suna duba abin da farantan suka jiyo, shi kuma aikinsa ya tabbatar sun juya duk inda aka ce su juya. Makanike ne, amma tun yana ƙarami tambaya ta yi masa yawa, kuma bai bari ba da ya girma. Duk abin da ya tsinto a bakin masu ilimin nan sai ya kawo mana gida.

Dokar wurin ita ce ba a hawa da waya. A gindin dutse akwai ɗakin mai gadi, nan kowa ke ajiye tasa. Auta ya ce abin da farantan ke saurare raɗa ce daga nesa, wayar da ke aljihun mutum kuwa kamar a tsaya a bakin kunnensu ne a kurma ihu. Don haka in ya hau, shiru ne sai ya sauko. Saƙo sai ta bakin Direba, tare da kayan wanki.

Matarsa malamar 'yan aji ɗaya ce, kowa Malama yake kiranta, har ni. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, danginta suna nesa, tun da ta shigo gidan nan ni ce Ummanta. Cikinta na fari ne, ya shiga wata na bakwai, sai ƙafafu suka kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Aka auna aka ce hawan jini ne, aka ba ta gado.

Babbar 'yata, wadda ƙannenta ke kira Yaya, tela ce, kuma ita ce mai ƙarfin zuciyar gidanmu. Tun kafin a fita da Auta ta ja mayafi ta tafi asibiti, ba wurin Malama ba, wurin Likita. Ta dawo idanunta jawur, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Umma, Likita ta ce kada a gaya mata."

"Mijinta ne fa."

"Na sani. Ta ce jinin nan kamar madara ce a kan wuta, da an ƙara itace ɗaya ta zube. Labari irin wannan zai iya kawo jijjiga, mu rasa ta, mu rasa abin da ke cikin. Kuma yaron bai yi ƙwarin da za a fito da shi ba. Ta ce mu ba ta 'yan makonni."

"To in ta tambaye shi fa? Har yaushe za mu ce yana kan dutse?"

Direba ne ya kawo amsar da yamma, bayan an dawo daga maƙabarta. Yana zaune a tsakar gida ya haɗa kai da gwiwa, ya ce, "Ku ce tauraro ne ya fashe."

Abin ya taɓa faruwa. Ba da jimawa da aurensu ba wani tauraro ya fashe can nesa, inda ido ba ya kaiwa, aka juya farantan duka wurin, aka hana kowa sauka har tsawon makonni. Malama ta yi fushi a lokacin, ta ce wa Direba ya gaya masa ya nemi farantin ya dafa masa abinci. Don haka ta san ana yi. Yaya ta koma asibiti ta karɓo wayar Malama, ta ce mata Likita ta hana, wai haskenta na ƙara ciwon kai. Aka gaya wa nas-nas, aka hana 'yan dubiya. Ni da Yaya kaɗai za mu riƙa shiga.

Akwai wata yamma da ya kamata in faɗa kafin in ci gaba. Lokacin cikin yana ƙarami. An ɗauke wuta bayan magariba, muka fito tsakar gida mu uku. Malama na fama da ƙwayar ƙarin jini, tana yatsina fuska, ta ce ƙarnin ƙusa take yi.

Auta ya ce, "Ai ƙusar ce. Ƙarfe ne. Gawar tauraro kike haɗiya."

Na ce, "Kai dai bakinka ba ya gajiya. Yarinya na fama da tashin zuciya kana kira mata gawa."

Ya yi dariya, ya kama hannuna ya ɗaga yatsana sama. "Umma, kin ga ukun nan da suka jeru? Matsa idonki gefe kaɗan. Kin ga wancan ja?"

Na gan shi. Ja ne kamar garwashin da ya kwana a murhu.

Ya ce tsoho ne, kuma ƙato ne, da za a ajiye shi inda rana take da ya haɗiye mu da duniyarmu. Ya ce tauraro wuta ce mai cin kanta. Nauyinsa na danna shi ciki, wutar na tura shi waje, a haka yake tsaye shekara da shekaru, kamar mutum biyu na tura ƙofa ɗaya, wannan ta ciki wannan ta waje. In itacen ya ƙare sai ya koma ƙona tokar, in ta ƙare ya ƙona tokar tokar, yana kumbura yana ja, har tsakiyarsa ta zama ƙarfe. Ƙarfe kuwa ba ya ci da wuta. Ranar nan na ciki ya saki ƙofa. Kafin ƙiftawar ido sai ya rufta a kan kansa, sannan ya tarwatse.

"Shi ke nan, ya ɓace?" in ji Malama. Ita ta sha jin labarin, domina take tambaya.

Ya ce a'a, ba ya tafiya duka. Hayaƙinsa na ta bazuwa shekaru dubbai, a cikinsa akwai irin ƙarfen da ke jininmu. A tsakiya kuma yakan bar 'yar zuciya, ba ta fi gari guda girma ba, amma cokali ɗaya nata ya fi dutsen da yake aiki a kai nauyi. Tana juyawa da gudu kamar katantanwa, duk zagaye ɗaya ta hasko mu kamar mai wulga tocila. Ita farantan ke saurare. Waɗanda suka fi girma kuwa ko zuciyar ba sa bari. Rami suke bari, wanda ko haske ne ya faɗa ba ya fitowa.

Ya kunna mana sautin a wayarsa. Dif, dif, dif, dif, ba ya ƙara sauri ba ya lafawa. Na ce ya kashe.

Na ce, "To wannan jan, yaushe zai mutu?"

"Ko gobe, ko bayan jikokin jikokinki. Daga waje ba a ganewa, Umma. A ido yana nan lafiya lau, alhali ciki ya gama zama ƙarfe. Ƙila ma ya riga ya mutu, labarin ne bai iso ba, don haskensa ɗaruruwan shekaru yake yi a hanya. Amma ranar da ya iso ba sai kin tambaye ni ba. Da rana tsaka za ki gan shi. Da dare kuma ki tsinci allura a haskensa."

"In ya zo ka tashe ni," in ji Malama, "in dai ba kana can wurin 'yan'uwanka faranta ba."

Na ce Allah ya sa ba da rabonmu ba, na tashi na shiga duba tukunya.

Washegarin da aka binne shi na wanke fuska, na sa kwalli don ya rage jan idona, na ɗauki flas. Ɗakin masu ciki dogo ne, gadaje ta nan gadaje ta can, babbar taga ɗaya a ƙarshe. Gadon Malama na kusa da ƙofa. A na bakin taga wata mata ce mai cikin tagwaye, cikinta ya cika gado, bakinta ya cika ɗaki.

"Ga uwar miji ta gari!" in ji Mai Tagwaye. "Tawa tun da aka kwantar da ni sau ɗaya ta zo, shi ma lemona ta shanye ta tafi."

Malama ta yi dariya, ta tashi zaune da ƙyar. "Umma, me ya sami idonki?"

"Mura ce."

"Gobe ne saukowarsa, ko? Ki ce ya zo mini da matashin kaina. Na nan kamar tsakuwa aka cusa."

Na sunkuyar da kai ina buɗe flas. Na ce, "Ba zai sauko ba. Direba ya zo jiya. Wai tauraro ya fashe, an hana kowa sauka."

Ta ja tsaki tana murmushi. "Sai yanzu ya ga damar fashewa? Duk shekarun nan bai sami lokaci ba sai da na kwanta?"

Mai Tagwaye ta ce, "Kai, wannan miji naki ya iya. Nawa in zai yi ƙarya cewa yake taya ta yi faci."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Har na fara jin sanyi a raina, na ce an wuce wurin. Sai Malama ta ce, "Wanne ne, Umma? Ai ba ya aiko saƙo bai gaya mini wanne ba."

Wannan ba mu shirya ba. Direba bai faɗa ba, Yaya ba ta kawo shi a ranta ba. Malama na kallona, nas na tsaye da abin awon jini, ni kuma duk faɗin sararin Allah tauraro ɗaya na sani.

Na ce, "Jan nan. Wanda ya nuna mana."

Murmushin bai tafi nan take ba. A hankali ya janye, kamar ruwan da aka zuba a yashi.

"Jan nan," ta ce.

Na ce e. Ta miƙa wa nas hannu.

Sai da na shiga motar haya muka yi nisa, rana na dukan gilashi, na ɗaga ido na ga sama fes, ba komai sai shuɗi. Nan maganar Auta ta dawo mini. Da rana tsaka za ki gan shi. Na ce wa kwandasta ya tsaya, na sauka inda ba nan ne wurin saukata ba, na taka da ƙafa har shagon Yaya.

Ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. "Umma! Duk taurarin duniya?"

"Shi na sani."

Ta dafe kai. Can ta ce, "Gobe ki ce kin ruɗe. Ki ce wani ne can, irin masu suna lamba-lamba ɗin nan."

Da na shiga washegari sai na tarar da Mai Tagwaye a gadon bakin ƙofa.

"Surukarki ta yi mini wayo, Mama. Ta ce mai ɗauke da mutum biyu kusa da banɗaki ya dace da ita. Ban ƙi tata ba, amma iskar tagata fa?"

Malama na gadon taga, an zuge labule har ƙarshe. Ta kwanta a gefen hagu kamar yadda Likita ta ce, fuskarta na kallon sama. Na zauna, na zuba shayi, na fara.

"Malama, jiya fa ina jin na ruɗe. Ba jan nan ba ne, wani ne..."

Ta kama hannuna. Yatsunta a kumbure suke, amma ta matse har sai da na ji zafi. Ba ta juyo ba.

"Umma, ki bar shi a jan."

"Ai Direba cewa ya yi..."

"Umma." Muryarta ƙasa-ƙasa, ba rawa ko kaɗan. "Likita ta ce saura 'yan makonni. Duk maganar da ke bakinki, ki riƙe mini ita. In kika ajiye ta a ɗakin nan ba zan iya ɗauka ba."

Ta saki hannuna, ta karɓi kofin, ta shanye.

Daga ranar ba ta ƙara tambayarsa ba. Ba ta ce Direba ya zo ba, ba ta ce an kawo kayan wanki ba, ba ta ƙara ambaton matashin kai ba. Duk abin da aka ba ta ci take yi, har da wanda a da ko warinsa ba ta so. Ƙwayar ƙarin jinin nan takan jefa a baki ta haɗiye, fuskarta ba ta motsi. In aka ce ta kwanta a hagu, a hagu za a dawo a same ta. Likita ta ji daɗi, ta tare ni a baranda ta ce, "Mama, kuna ƙoƙari. Jinin bai sauka ba, amma bai hau ba. A ci gaba da haka."

Ni kuwa wannan shirun ya fi kuka ba ni tsoro. A gida mutane na shigowa gaisuwa, in zauna da su in yi kukana, takalman Auta na ƙarƙashin gadona. In lokaci ya yi in wanke fuska, in sa kwalli, in ɗauki flas. A mota nake canja fuska. In na shiga ɗakin sai in tarar da ita yadda na bar ta, idonta a taga. Fuskar na ƙara cika kullum, idanun na ƙara shigewa. Wata nas ta gaya mini in suka zo awon asuba a farke suke samunta, labule a buɗe.

Kowace safiya sukan ɗaura mata ɗamara a ciki, a jona da wani inji don a ji bugun zuciyar yaron. Ranar farko da aka kunna ina wurin, sai da na riƙe ƙarfen gado. Dif, dif, dif, dif. Na tashi zan fita, na ji ta ce wa nas, "Don Allah ƙara muryar."

Wata rana Mai Tagwaye na ɓare ayaba ta ce, "Wai Malama, tauraron nan bai gama fashewa ba? Ko sai kin yaye yaron?"

Malama ba ta juyo ba. Ta ce, "Ya gama. Hasken ne bai iso ba. Yana hanya."

Mai Tagwaye ta kalle ni, ayabar a hannunta. Ban san me ta gani a fuskata ba. Daga ranar ta daina yi wa Malama wasan miji, ta koma kan abincin asibiti da nas mai takalmi mai ƙara. Ranar da aka sallame ta da 'ya'yanta biyu ta tsaya kusa da ni a baranda, ta ce a kunnena, "Mama, ni ba yarinya ba ce. Allah ya jiƙansa." Da ta tafi ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Na ce wa Yaya ni fa ina jin tsoro, yarinyar nan ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba, ina abin yake tafiya? Yaya ta ce, "Umma, tunda awo bai nuna komai ba mu gode Allah." Amma ni ba awon nake ji ba, muryar Auta nake ji. Daga waje ba a ganewa, Umma.

Wata safiya aka kai ta ɗakin hoto aka dawo da ita. Likita ta shigo zagaye, ta tsaya a ƙafar gadon tana duba hoton. Rana ta shigo ta taga har kan zanen gado.

Malama ta ce, "Likita, in yau aka fito da shi, zai rayu?"

"Ya yi ƙwari. Zai kwana biyu a kwalba, amma da yardar Allah zai rayu. Sai dai na fi so mu ƙara ko da mako guda."

"Amma zai rayu."

"Zai rayu."

Sai Malama ta juyo daga taga. Rabon da ta kalle ni ido cikin ido tun ranar da na ce mata jan nan ne.

"To, Umma. Ba ni ajiyata."

Likita ta girgiza mini kai da sauri. Malama ta ce, "Bar ta, Likita. Na gaji." Ta sake dubana. "Ya sha wahala?"

Abin da dattijon ya ba ni shi na ba ta. "Bai sha wahala ba."

"Daga saman faranti?"

"Daga sama."

"Ya kwance igiyar." Ba tambaya take yi ba. "Sau nawa ina gaya masa. Sau nawa, Umma."

Ta buɗe baki za ta yi kuka, kukan bai fito ba. Ta dafe goshi ta ce, "Kaina. Umma, walƙiya ake yi a ɗakin nan?" Kafin in amsa haƙoranta suka datse, idanun suka juye, jikinta ya sanƙare ya bar katifa. Sai jijjiga. Gadon ƙarfen ya riƙa buga bango, kofin shayi ya faɗi ya fashe, Likita na kwala wa nas-nas kira, wata ta kama kafaɗata ta tura ni waje. Ina tsaye a baranda aka wuce da ita a guje, hannunta ɗaya na lilo a gefen gado.

Yaya ta iso da tef ɗin awo a wuyanta, zare ya manne mata a riga. Muka zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata. Mai shara ta zo ta goge ƙasa, ta ce mu ɗaga ƙafa, muka ɗaga. Ina son in yi addu'a, amma abin da ke ta zuwa raina maganar Auta ce, cewa wani yakan bar 'yar zuciya, wani kuma rami kawai yake bari. Na riƙa kallon ƙofar nan ina jiran in ga wanne za a fito mana da shi.

Nas ce ta leƙo. Ta ce, "Mace ce. Ta yi kuka."

Yaya ta ce, "Uwar fa?"

"Ana kanta."

Suka nuna mana yarinyar ta bayan gilashi. Ba ta fi 'yar kyanwa ba, ja wur, an liƙa mata wayoyi a ƙirji, ƙirjin na hawa yana sauka da sauri. Yatsun ƙafarta dogaye ne, irin na Auta. Ban iya daɗewa a wurin ba.

Malama ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Kullum in zauna kusa da ita in riƙa shafa mata ruwa a leɓe. Likita ba ta ƙara cewa muna ƙoƙari ba, sai dai ta dafa ni ta wuce. Ranar da Malama ta buɗe ido, abin da ta fara tambaya yarinyar ce. Na ce tana nan, tana shan madara ta hanci, nas-nas sun ce faɗa gare ta, tana fizge wayoyi. Sai kukan ya zo. Ban hana ta ba, ba wanda ya hana ta. Na hau gefen gadon na rungume ta, muka yi shi tare, kukan da ya kamata mu yi tun ranar farko.

Da muka lafa ta ce, "Umma, duk taurarin sama."

"Haka Yaya ta ce."

"Da kin ce wani ne da na yarda. Da na yi ta zaginsa a raina har na haihu."

"Shi kaɗai na sani, Malama."

Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kunnenta. Ta ce, "Yinin farko na yi ta duba sama, na ce ƙila da gaske ne, ƙila ba ta gefen tagar nan yake ba. Na sa nas ta fita ta duba mini ta baya. Da dare ya yi na ce yanzu ɗakin zai haskaka. Ban taɓa roƙon Allah ya kashe wani abu ba sai ran nan."

Hannunta na hagu bai dawo daidai ba. Tana rubutu a allo da na dama, ta koma makaranta, amma ba ta iya ɗaure goyo ba, ni na goya yarinyar har ta yi ƙafa. 'Yar Kwalba muke kiranta. Yanzu ta fara magana, kuma tambaya ta yi mata yawa. Direba kan biyo in ya sauko, ya zauna a tsakar gida, ta hau jikinsa ta cire masa hula. Bai ƙara tambayata ƙanzo ba, ni kuma ina ajiye masa.

Malama ta ce ba kowane wata ne jan yake sama da rana ba, akwai lokacin da yake ƙarƙashinmu. Ta nuna mini yadda ake ganewa, ban riƙe ba. Ni dai kullum in rana ta take, na gama shanya, nakan tsaya a tsakiyar gida in kare ido da tafin hannu, in duba gabas, in duba yamma, in duba saman kaina. Har yau ba komai sai shuɗi. Sai in sunkuya in ɗauki bokiti in shiga ciki.